Dangwali a Buhun Malama

A tashar Gazawa, ana jiran mota ta cika, wani dattijo ya ƙura wa buhun matar da ke kusa da shi ido.

"Baiwar Allah, wannan igiyar da ta leƙo, ba dangwali ba ne?"

"Shi ne, Baba. Ni sai da na tambaya aka ce mini da shi ake ɗaure maruƙa lokacin tatsa."

"Ina za ki da shi?"

"Lakol ɗin Cadawa, wato makarantar boko. Ƙungiyarmu ta tarihi ce ta sa kowane ɗalibi ya kawo tsohon abu daga gida, mu kuma mu zaga da su makarantu. Wannan wata yarinya ce ta kawo a Gangara. A rumbun kakanta ta tsince shi, ya ce mata igiyar ɗaure dami ce."

"Igiyar dami da zarge a jere haka? Kowane zarge nan wuyan maraƙi ya sha shiga."

"To me zai sa ya ɓoye mata?"

"Wanda fari ya cinye wa garke ya koma riƙon hauya, ba ya son a tayar masa da zancen shanu."

"Yarinyar kuwa ta ƙi haƙura. Kullum sai ta tambaye ni ko su ma makiyaya ne a da, ni kuma ba ni da amsa."

Dattijon ya kama zarge na farko, ya shafa ƙullin da shi ya yi da hannunsa tun kafin fari.

"Ki ce wa Rahina ta sake tambayarsa."

"Baba, ai ban faɗi sunanta ba."