Hannuwan Gines a Hoton Sarki

A zauren fadar Madrid aka kafa sabon hoton sarki. Wata tsohuwa ta tsaya gabansa, wani dattijo mai fenti a farce yana gefenta.

"Baiwar Allah, rusuna mana. Sarki ne fa."

"Fuskar ce tasa. Hannuwan na mijina Gines ne."

"Iya, rufa mana asiri!"

"Sarki zai yi wata biyu a tsaye don a zana shi? Fuska kawai ya zauna aka ɗauka. Gines aka sa wa kayan sarkin ya tsaya a madadinsa. Dubi tabon babban yatsan nan, wuƙar gyaran kifi ce."

"Ina shi Gines ɗin?"

"Mun binne shi ranar Laraba. Ba ni da wani hotonsa sai wannan."

Dattijon ya dubi babban yatsan da ke cikin hoton.

"Tabon nan aka ce in shafe gobe. Wai sarki ba ya gyaran kifi."

"Da ƙarfe nawa?"

"Da sassafe." Ya dubi farcensa. "Sai dai ban haɗa kalar ba tukuna. Irin wannan kala, Iya, takan ci mini mako guda."

"To matsa, malam. Ka tare mini haske."