Wuƙar Bahaguwa

Tunkiyata na sayar na yi kuɗin mota. Ku riƙe wannan tukuna, don na ji ana cewa wai kawunku ne ya kai ni Jos. Kawunku a lokacin ko takalmin kirki ba shi da shi. Kakanku ya rasu, damina ta yi gardama, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, ni kuwa ban iya zaman jiran a miƙo mini ba. Na ƙulle kuɗin a lalita, na ɗaure a ƙugu, na hau mota. Ke Hadiza, ajiye wayar nan idan ina magana.

Ta Titin Bauchi muka shiga garin, sanyi na ratsa ƙashi kamar ana bulala. Aka kai ni Dilimi, gidan Malam Ilu, ɗan garinmu ne, yana kamasho a tasha. Ya tarbe ni baki har kunne. "Ai ke 'yar gida ce, Yaya Abu, ɗaki naki ne." Ya ba ni makulli ɗaya, ya jefa ɗaya a aljihu, wai saboda gobara. Na dube shi, na dubi aljihun. Duk wanda ya cika kiranka ɗan gida, ka duba inda ka ajiye kayanka.

Aiki na samu wajen Madam Ngozi, wata Ibo mai sayar wa ɗaliban jami'a abin da suke kira cips. Kun san cips? Dankalin turawa ne, a yanka shi siri-siri, a soya, a ninka masa kuɗi, shi ke nan ya yi boko ya canza suna. Mu namu firar dankalin. Kuma Madam ba ta kallon dankalin da kika fere, ɓawon take kallo. Kowace mace da daronta na ɓawo. Da yamma sai ta zo ta tsoma hannu, ta ɗaga guda a rana. In ta ga haske ta cikinsa, gobe akwai aiki. In ta ga tsoka, sai ta ce, "Kai Mama, dankalina ka zo ci ko aiki ka zo yi?" Kowa kai ne a bakinta, mace da namiji. A gabana ta sallami mata biyu kan ɓawo.

Wuƙaƙen shagon kuwa ko tuwo ba sa yankawa. Wuƙarki ta gida ba ta ɗaukuwa, don a Jos ana tare mutane a hanya a caje su, in aka ga doguwar wuƙa a jakarki sai kin yi bayani har bakinki ya bushe. Wata Birom da ke zama kusa da ni, Kaneng, ita ta ce in nemi mai naɗewa. Na ce a raina, me ya dame ta da ni? Amma na je kasuwa.

Mai wuƙaƙen ya shimfiɗa mini biyu, kamar tagwaye. Baƙar ƙota, ƙusoshin tagulla uku. Wai wannan orijina, wannan kuma ƙanwarta. Ban yarda da bakinsa ba, hannuna na tambaya. Na shafa ƙusoshin, na ɗaya sun kwanta daidai da ƙotar, yatsa ba ya jin inda ƙarfe ya ƙare itace ya soma, na ɗayar suna kama zare. Na naɗe su na leƙa ta sama. Ruwan ta kirkin ya kwanta a tsakiyar gidansa, ba ya taɓa dama ba ya taɓa hagu, ɗayar tana jingina kamar malalaciyar amarya. Akwai ɗan tsagi da ake sa farce a buɗe, na ta kirkin an yi shi daidai inda farce ke sauka da kansa. Sannan ƙara. Ta kirki in ta buɗe, ƙas, sau ɗaya, ta tsaya, ko ki girgiza ta ba ta motsi sai kin danna bayanta. Ƙanwar cakal-cakal take yi. Wanda ya ƙera ta farkon, ko wane ne, ya san hannun mutum.

Na saye ta, na kwana biyu ina cin garin kwaki. Kun san ni bahaguwa ce, dukan da na sha a kai ina yarinya bai gyara komai ba. To a dutse na wasa ta gefe ɗaya kawai, gefen da ya dace da hannuna. Daga ranar ɓawona ya koma kamar fatar albasa. Madam har ɗaga shi take yi ta nuna wa sauran, abin da ban so ba, don yabo a gaban mutane gayyatar ido ne.

Kaneng kullum, "Mama, ba ni in gani." Ba na bayarwa. Malam Ilu ma ya gan ni ina fere mangwaro a tsakar gida, ya ce, "Yaya Abu, wannan ai ta maza ce, sayar mini." Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya yi dariya ya wuce.

Wata safiya na fito wanka, na ɗauke ta a ƙarƙashin matashi na tafi aiki. Ina buɗewa na ji cakal. Na duba ta da kyau. Ƙota baƙa, ƙusa uku, amma ba tawa ba ce. An musanya mini da ƙanwar. Ranar na yi ta fama, wuƙa tana rawa a gindinta, tana cin dankali kamar akuya. Madam ta ɗaga ɓawo ta dube ni.

"Mama, kai ma?"

"Wuƙa ce, Madam."

"Ni ban ɗauki wuƙa aiki ba. Zuwa Asabar in bai gyaru ba, ka huta a gida."

Kuɗin hayar wata ba ni da shi. In aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, sai in dawo garin nan hannu rabbana a yi ta nuna ni da baki. Na zauna ina auna kowa. Kaneng na fara ɗorawa a ma'auni, don jiya da yamma na bar wuƙar a kan benci na je alwala. Na bi hannunta da ido wuni guda. Har daronta na leƙa, ɓawonta yana nan yadda yake, ba kauri ba siranta. Na auna mai wanke-wanke, na auna Madam kanta. Na ci gaba da aikina. Zargi in ya fita baki ba ya komawa.

Ina dawowa gida na tarar da Malam Ilu a zaure, babban yatsansa na dama ɗaure da tsumma.

"Malam, lafiya?"

"Ƙofar mota ce ta datse ni."

Ƙofar mota ba ta datse cikin yatsa ta bar farce. Wuƙar da aka wasa wa bahago, in na dama ya ja ta, ba ta bin inda ya nufa, zamewa take ta nemi yatsan da ya tokare. Na shige ɗaki na ja ƙofa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, yana majalisa da abokansa a ƙofar gida, na sayo lemo na kai musu a faranti. Na durƙusa na gaishe su. "Ga ɗan lemo, a fere wa baƙi." Wani tsohon tela a cikinsu ya ce, "Ilu, ina sabuwar wuƙar nan da ka ishe mu da ita a wajen mai shayi? Fito da ita mana." Malam Ilu ya yi ta lalube-lalube, wai kamar ya baro ta a tasha. Telan ya ce, "Ga ta nan tana leƙe a aljihunka." Ya fito da ita. Ƙas.

Na ce, "Baba tela, don Allah kai ka fere."

Ya ɗora ta a lemo, ta zame, saura kaɗan ya sami nasa tsumman. Ya juya ta ya duba kaifin a rana. "Kai, wannan ai wasin bahago ne. Ilu, yaushe ka koma bahago?"

Na karɓa da hagu, na fere lemon tun daga kai har gindi, ɓawo bai tsinke ba. Na ajiye wa Malam Ilu ƙanwar a faranti.

"A tsakar gida na tsince ta," in ji shi.

"To ita wannan da na samu a ƙarƙashin matashina, matashin ne ya haife ta?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Kafin la'asar ya aiko matarsa, wai ana son ɗakin za a yi gyara. Na ɗaure kayana. Kaneng ce ta samo mini wani a Anguwan Rogo wajen wata mai koko da ta sani, ta kuma ɗaukar mini buhu a ka. Makullin ɗakin biyu ne, duka biyun na karɓa kafin in ajiye tabarma.

Ranar Asabar Madam ta tsoma hannu a darona, ta ɗaga, ta daɗe tana kallo. "Mama, ka dawo." Iyakar abin da ta ce ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba. Na yi shekaru a bencin nan, sai da gwiwa ta ƙi sanyin Jos na tattaro na dawo da injin markaɗen da kuke jin ƙararsa kullum safe.

Shi ma Malam Ilu ya dawo gida, kun san shi, tsohon nan da ke zama gindin dalbejiya kusa da kasuwa. Ban taɓa ba kowa labarin a garin nan ba sai ku, kuma in na ji shi a waje na san bakin da zan murɗe. Duk ranar kasuwa sai na tsaya na gaishe shi da kyau, in tambayi iyali, in tambayi jiki. Yana amsawa. Amma ku lura in mun wuce tare, tun daga nesa in ya hango ni, hannunsa na dama ya shige aljihu.