Ɗigo Uku na Banila

Taruna na kamun kifi na sayar na yi kuɗin jirgin ƙasa, shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa a Auyo. Na hau a Malam Madori, na sauka Kano ban san kowa ba sai wani ɗan garinmu mai gadi a unguwar Turawa. Shi ya samo mini wanke-wanke a kicin ɗin wani Bature. Wai kicin! Madafa ce fa, yaran nan, kada wani ya ruɗe ku.

Shekara biyu ina fasa ƙwai kafin matar gidan, Misis muke ce mata, ta yarda in taɓa fulawa. Na iya kek, na iya kastad, wani kunun ƙwai da madara da suke sha da cokali suna lumshe ido. A garwar kananzir nake gashi, garwashi sama da ƙasa, ban taɓa ƙonawa ba. Abu ɗaya nake nema: takardar shaida. Kuku mai takarda duk gidan da ya je aiki na jiransa, marar takarda kuwa ko ƙofa ba a buɗe masa.

Abin da ya haɗa ni da Misis rowa ce. Tana da wata 'yar kwalba, banila, baƙin ruwa mai ƙanshi kamar turaren amarya. Kullum a kulle, makulli a wuyanta, ita ke ɗigawa da hannunta.

"Uku, Isa," in ji ta, da gurguwar Hausarta.

"Misis, a ƙara mana."

"Uku!"

Abin na ci mini rai. A gidanmu in baƙo ya zo, uwata ba ta ƙirga daddawa.

Rannan babban ubangidan mijinta a wurin aiki zai zo daga Kaduna. Misis na fama da shirya tebur, sai ta miƙo mini makulli, karon farko ke nan. Na tsaya na dubi kwalbar. Baƙo irin wannan, ɗigo uku? A ce a gidan da nake girki aka yi wa babban mutum ƙwauro? Na juye ta duka a kastad, har na ɗauraye da madara na ƙara.

Ƙanshi har bakin titi, wallahi. Amma ɗaci kamar maɗaci. Baƙon ya kai cokali ɗaya, ya ajiye, ya nemi ruwa.

Misis ta same ni a madafa tana huci. "Ina sauran?"

"Na karrama baƙo, Misis."

"Ta shekara guda ce! Ana yaƙi, jirgin ruwa ba ya zuwa!"

"To kin taɓa gaya mini da ɗaci? Ko lasa ba ki taɓa ba ni ba."

Har gobe ina kan bakana. Wa ke ba mutum makullin abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba?

Washegari ta sallame ni, amma ta ba ni takarda. Na yi murna, na naɗe ta a tsumma mai tsafta. Gida shida na kai ta. Kowace matar Bature ta karanta, ta ƙyalƙyale da dariya, ta maido mini. Da na gaji, na kai wa akawun da ke sayar da tikiti a tasha. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, ta ce kana da gaskiya, kana da tsafta, kek ɗinka babu kamarsa."

"To me ya hana su ɗauke ni?"

"Ta ce kuma kana da kyauta ƙwarai da kayan mutane."

Na karɓi takardata na naɗe. Tun da dai a tashar nake, na ce ya yanka mini tikitin gida.