Bushra Tana Ci, Tana Ramewa

A bencin wani kemis a unguwar Agege ta Legas, Kyauta mai sayar da tuwo ta juya ga wata budurwa da ke gefenta.

"'Yata, don Allah wanne ya fi sa ƙiba, ƙwaya ko na ruwa?"

"Ke za ki sha, Mama?"

"Ina fa! Autata ce, Bushra. Ta koma kamar sillen kara, amma in ta tsaya gaban madubi sai ta damƙi cikinta, wai tumbi. Wane tumbi? Mu a garinmu, budurwa in ta rame, uwarta ake tuhuma. An yi ruƙiyya, an ce ba aljanu ba ne."

"Tana cin abinci?"

"A gabana, har da ƙari! Abin da ya ɗaure min kai ke nan."

"Tana gamawa sai ta shiga banɗaki?"

"E, wanke hannu."

"Ta buɗe famfo da ƙarfi, ta daɗe, ta fito ido jajir. Amai take ƙaƙalowa, Mama. Ƙarar ruwan don kar ki ji ne."

Kyauta ta saki baki. Wa zai ci ya ƙoshi, ya zubar da gangan? Sai a lokacin ta lura da yadda agogo ke yawo a tsintsiyar hannun budurwar.

"Kin san Bushra ne?"

"A'a." Budurwar ta ja hijabi ta rufe hannun. "Ki bar maganin nan. Yau in ta shiga, ki tsaya a bakin ƙofa ki kira sunanta. Ni tawa uwar ba ta taɓa tsayawa ba."