Gurbin Yaya Fanna a Bakin Rijiya

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni ce Hadiza daga Gure. Mu tara muke noman albasa a kwari. Yayata Fanna ce take jera mu daga rijiya zuwa fangalin shuka, guga na tafiya hannu da hannu, kafin hantsi mun gama ban ruwa. Tun da Allah ya karɓe ta, kowa ta koma jan nata. Ana faɗa kan igiya, albasa kuma tana bushewa.

Jiya Mariama, ɗaya daga cikinmu, ta ce mini, "Ƙanwata, wa zai jera mu yanzu?"

Matan kwarinmu, ina gaishe ku, na san kuna saurare. Gobe da safe ni zan tsaya gurbinta. Ko ina kuka zan miƙa guga, ku dai ku zo ku karɓa.