Kamfani Ba Ya Karɓar Addu'a

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, yaya aiki? Ni ne Garba daga Sabon Garin Wudil.

Bara na karɓo babbar mota bashi a wani kamfani a Kano, ina biya wata-wata. Yayana ya tsaya mini da gonarsa ta Darki. Sunana ya koma Mai Mota, makaɗa suka sa ni a waƙa, ni kuwa ina ta yi musu kyauta. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, motar cike take, amma rabi dangi ne. In sun sauka sai su ce, "Allah ya ƙara arziki," su wuce. Da wane baki zan tambayi kawuna kuɗin mota?

Shekaranjiya akawun kamfanin ya zo. Ya ce, "Garba, kamfani ba ya karɓar addu'a. In wata ya mutu ba kuɗi, mota da gona namu ne."

Ga shi kuma wallahi geron yayana ya fara kai. Jama'a, ku ba ni shawara. Dangina, na san kuna saurare. Juma'ar nan ku zo da addu'ar, amma don Allah ku haɗo da sule.