Ƙarfen lilo ya ƙi rufuwa a kan yayata

Assalamu alaikum, Malama mai gabatar da shiri. Ni ɗaliba ce a nan Diffa, kuma wannan ce wasiƙata ta farko.

Ranar Sallah na raka yayata Falmata wurin lilon nan mai juyawa da mutane sama. Daga Shetimari ta zo, wata guda tana zancensa. Doguwa ce, mai jiki. Da ta zauna, ƙarfen da ke tare mutum ya ƙi rufuwa a kan cinyoyinta. Mutane suka fara dariya.

Mai lilon ya ce, "Ba komai, hajiya, ɗaure ƙugunki da gyale a jikin kujerar."

Don kunya har ta fara cire gyalenta. Na riƙe hannunta na ce, "Yaya, gyale ba zai riƙe ki can sama ba. Mu sauka."

A hanya ta ce, "Na hana ki hawa." Na ce mata dama tsoro nake ji.

Malama, ba za a iya ajiye kujerar gwaji bayan labule ba, mutum ya gwada shi kaɗai?

Ina gaida Yaya Falmata, na san tana saurare. Yaya, ba tsoro nake ji ba. Ba na son hawa ne babu ke.